Jinyar Ƙanwata Da Gayyar Likitoci

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwa labarin wata jinya da muka yi a gidanmu shekara 2 cur, wadda ni da hannuna na ƙara mata tsawo, ba da nufi ba. Ni ba likita ba ne, akawu ne, aikina shigar da takardu da fid da su. Amma wanda ya kwana a barandar asibiti wata da watanni, ko bai so ba ya koyi wani abu, kuma abin da na koya ya fi ƙarfin in bar shi a cikina.

Ƙanwata, wadda ke bi na, tana da amosanin jini, watau ciwon nan da a ke kira sikila. Ba baƙon ciwo ba ne a ƙasarmu, gama Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa a kan haifi jarirai wajen 150,000 da shi kowace shekara a Nijeriya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ban da zafin gaɓoɓi da ya kan taso ya kwanta, ciwon ya kan toshe ƙananan hanyoyin da ke kai jini ga kan ƙashin cinya, can inda ya shige cikin kwarmin ƙugu. In jini ya yanke sai ƙashin ya mutu, ya lotsa kamar ƙwaryar da aka taka. Tana da shekara 24 ta fara ɗingishi, kafin ta cika 27 ko bisa tabarma ba ta iya sauka sai an riƙe ta. Likitoci suka ce ba sauran dabara sai a yanke mataccen kan ƙashin a sa na ƙarfe, a yi wa kwarmin kuma sabon mazauni na ƙarfe da roba. Muka sayar da fegin da mahaifinmu ya bar mana, dangi suka yi karo-karo, na raka ta wani asibiti a ƙasar Indiya cikin watan Maris na 2022. Aka yi aiki lafiya, kwana 2 aka tashe ta tsaye, bayan kwana 16 muka hau jirgi muka komo gida. Ran da ta taka da sandunanta tun daga zaure har ɗakin Inna, mata suka yi ta guɗa sai ka ce an kawo amarya.

Ba mu yi mako guda da komowa ba sai ƙarshen ɗinkin ya soma tsattsafo da wani ruwa-ruwa, wurin ya yi ja, ya ɗauki ɗumi. To, a nan ne na yi wautar da ba na mantawa. Na ce a raina ai zafin gari ne da gumi. Gaskiya kuwa ɗaya ce, kuɗi sun ƙare ƙaf, ina tsoron abin da likita zai ce. Sai na tafi kemis na sayo kafso, irin wanda mu ke sha ga kowane ƙurji. Ta sha kwana 5, ruwan ya tsaya, na yi ta yabon kaina. Bayan wata guda ya komo, na koma na sayo. Haka muka yi ta yi, ciwo ya ɓuya ya fito, ya ɓuya ya fito, har fiye da shekara.

Kada a ce ba mu je asibiti ba ko kaɗan. Mun je, har mun gaji da zuwa. A wani ƙaramin asibiti aka dangwali bakin mikin da auduga aka kai ɗakin gwaji, aka ce ba a ga kome ba, aka yi mata allurai 7. A wani aka ce sikilarta ce ta motsa, aka yi mata ƙarin ruwa aka sallame mu. Wani likita kuma ya ce shi ba ya taɓa aikin da ba shi ya yi ba, mu koma wurin wanda ya yi, kamar Indiya bayan kasuwa ta ke. Ba na zargin ko ɗaya daga cikinsu da mugunta, kowa ya duba ɓangaren da ya sani ne ya yi abin da ya iya. Amma kowa ya yanka mana katinsa dabam, har na ƙidaya kati 6 a aljihuna, ba wanda ya san abin da ke rubuce cikin ɗan'uwansa. Ana nan sai wani ɗan rami kamar ƙofar gidan tururuwa ya buɗe a gefen cinyarta, yana zubar da mugunya. In ya toshe sai zazzaɓi ya kama ta, in ya fashe ta sami sauƙi. Ta rame, ta koma kwanciya. Wata rana da dare ta ce mini, "Yaya, ka bar wahalad da kanka, abin da aka rubuta mini ke nan." Ban iya ce mata kome ba, na fita waje.

Cikin watan Satumba na 2023 wani abokin aikina ya yi mana hanya zuwa wani babban asibitin koyarwa. Likitan ƙashi da muka samu, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya dubi ramin nan, bai ko jira hoto ba ya ce, "Malam, wannan ramin har ƙarfen ya kai. Duk inda ka ga haka, ƙwayoyin cuta sun zauna bisa ƙarfen, ba shakka a ciki." Ya tambaye ni abin da ta sha. Da ya ke halin akawu ba ya barinsa, na ajiye rasit na kowane magani, na zaro su duka na miƙa masa. Ya karanta ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya ce daga yau kada ta ƙara haɗiyar ko ƙwaya ɗaya ta irin waɗannan har mako 2, amma in zazzaɓi mai zafi ya taso mu kawo ta ko da tsakar dare ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, mai ciwo kwance a ce kada ta sha magani?" Ya ce, "Maganin nan shi ya ɓoye mana ɓarawon. Sai mun san ko wane ne kāna mu san sandan da za mu ɗauka."

Ga yadda abin ya ke, bisa ga bayanin da ya yi mini da wanda na karanta daga baya. In ƙwayar cuta ta shiga tsoka, jini ya kan kai mata mayaƙan jiki, ya kuma kai mata magani. Ƙarfe kuwa ba jini a cikinsa. Da ƙwayoyin sun sami ƙarfe sai su manne, su lulluɓe kansu da wani yauƙi kamar gansakukar da ke kama bangon rijiya, su yi lamo a ƙarƙashinsa. Magani ya kan kashe waɗanda suka fito yawo, mai ciwo ya ji sauƙi, amma na cikin yauƙin suna nan. Tun 1957 wani masani a Landan mai suna Elek da abokin aikinsa suka gwada a jikin mutanen da suka yarda, suka ga sai an sa miliyoyin ƙwayoyin cuta a fata kafin ta yi mugunya, amma in akwai zaren ɗinki na siliki guda a wurin, ƙwayoyi wajen 100 sun isa. To, in zare ya yi haka, ina ga ƙarfen da ya fi tafin hannu tsawo? Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da ya ce yauƙin nan ba ya yin ƙarfi rana ɗaya. In aka kawo mai ciwo cikin wajen wata guda da yin aiki, ƙarfen kuma bai girgiɗa ba, sau da yawa a kan buɗe a wanke, a yanke ruɓaɓɓen nama, a sauya robar kaɗai, a bi da magani mai ƙarfi, ƙarfen ya tsira. Watau ran da na nufi kemis ƙofar nan a buɗe ta ke. Bai ce lalle da ta warke ba, ni ma ban ce ba. Amma ni na rufe ƙofar.

Da mako 2 suka cika aka shige da ita ɗakin hoto, aka soka doguwar allura har cikin gaɓar aka zuƙo ruwa, ba daga bakin mikin ba, gama abin da ke bakin miki tarkacen fata ne, ya kan ɓad da mai bincike. Sa'an nan likitan ya ce mini shi kaɗai ba zai yanke shawara ba, sai ran Laraba in sun zauna. Na zaci irin jan rai ne na ofis, wanda na san shi sarai. Ashe ba haka ba ne. Asibitin ba shi da wani sashe na musamman domin wannan ciwo, dattijon nan ne ya bi abokan aikinsa ɗaya ɗaya ya roƙe su, har suka saba kowace Laraba da safe su taru a wani ɗaki, a ajiye fayil ɗin mai ciwo a tsakiya. Akwai shi likitan ƙashi, da likitar cututtuka masu yaɗuwa, da malamin ɗakin gwaji mai renon ƙwayoyin cuta, da likitan jini, da likitan sa barci, da mai harhaɗa magunguna, da malamar gashin ƙashi, da wata sista wadda ita ke riƙe da littafin taron. In fata ta lalace ƙwarai su kan kira likitan da ke dasa fata da tsoka. Da na gan su sun fito sai na tuna da gayya a ƙauyenmu, ran ɗaukar jinka.

Ba su suka fara wannan dabara ba. Turancin da na koya a makarantar mishan ya yi mini rana, gama a zaman baranda na karanta abin da na samu. Wanda ya kafa aikin sauya ƙugu irin na yanzu wani likitan Ingila ne, John Charnley, a asibitin Wrightington cikin 1962. Da fari, cikin kowane mutum 100 da ya yi wa aiki wajen 7 ko fiye ciwo ya kan shiga. Ya ga wuƙarsa kaɗai ba ta isa ba, ya nemi injiniya suka gina ɗaki mai tace iska, ya ɗinka wa ma'aikata riguna masu rufe jiki duka, zuwa 1970 ya sauko da abin ƙasa da 1 cikin 100. Har yanzu kuwa ba a rabu da shi ba, 1 ko 2 cikin 100 ya kan same su ko a ƙasashen da suka fi kowa kayan aiki. A Hambug ta ƙasar Jamus, wajen 1970, Likita Buchholz ya soma cuɗa magani cikin simintin da a ke kafa ƙarfen da shi, mutanensa kuma suka shahara da cire tsohon ƙarfe da sa sabo a aiki guda. A Amurka, cikin 1983, Likita Insall ya bayyana hanyar aiki 2 ga gwiwa: a cire, a yi magani, kāna a mai da sabo. A Okusfod ta Ingila kuwa, tun shekarun 1990 aka keɓe sashe guda domin ciwon da ke cin ƙashi, inda likitan fiɗa da likitan cututtuka ke duba mai ciwo tare, a ɗaki ɗaya, rana ɗaya.

Abin da ya sa na yarda da mutanen nan na Laraba shi ne ba su ɓoye mana saɓaninsu ba. Suka kira ni da ƙanwata bayan sun tashi, suka ce ra'ayi ya rabu biyu. Likitan jini da na sa barci sun fi son a yi aiki sau ɗaya a gama, domin kowane shiga ɗakin fiɗa kasada ce ga mai sikila: sanyi, ko ƙarancin iska, ko ƙarancin ruwa a jiki, kowanne na iya tayad da ciwon, har ya kama ƙirji. Likitar cututtuka kuwa ta ce a'a, ga rami yana zuba fiye da wata 3, ga naman wurin ya lalace, ga ƙwayar da aka samu, wadda a ke kira sitafilokokus, ta riga ta gagari irin kafson da na yi ta saya. In aka kafa sabon ƙarfe nan take cikin wannan wuri, tana tsoron a yi hasarar na biyu kamar na fari. Suka faɗa mana amfanin kowace hanya da hatsarinta, da abin da kowace za ta ci, suka ce sun karkata ga aiki 2, amma jikinta ne, sai abin da ta ce. Ƙanwata ta yi shiru, can ta ce, "Likita, in dai ba za a yi na uku ba, na yarda da biyun." Dattijon ya ce ba zai yi mata alkawarin abin da ke hannun Allah ba.

Aka ɗauki wata guda ana shirinta. Likitan jini ya yi mata ƙarin jini har awonsa ya kai wajen 10. Aka sa ta cin ƙwai da wake da kifi, gama jikin da ya rame ba ya haɗe miki. Malamin ɗakin gwaji ya ce za a nemi salmonela, wadda ta saba kama ƙashin masu sikila, a kuma nemi tarin fuka, domin shi ma ya kan ci gaɓa a ƙasarmu. Ni kuma aka ba ni nawa aikin. Likitan ya tambaye ni takardar da ta nuna wane kamfani ya ƙera ƙarfen, da lambarsa, da girmansa, domin kowane iri da kayan cire shi. Na duba takardun da muka zo da su daga Indiya kaf, babu. Ban tambaya ba sa'ad da mu ke can, murna ta hana ni. Sai da na yi mako 3 ina aika saƙo kafin ta zo.

Cikin Nuwamba 2023 aka yi aikin fari. Aka cire ƙarfen duka, aka kankare ƙashin, aka ɗebi nama wuri 5, kowanne da wuƙarsa da kwalbarsa dabam don kada wani ya shafi wani, aka rene su har kwana 14. A gurbin ƙarfen aka sa wani na wucin gadi da aka yi da siminti cuɗe da magani. Mako 2 ana sa mata magani ta jijiya, mai harhaɗa magunguna yana bin awon ƙodarta kowane kwana 3, gama maganin mai taɓa ƙoda ne, sikila kuma ta riga ta raunana ta. Sau ɗaya awon ya hau, kafin azahar an rage maganin, ba tare da na ɗauki kati na bi layi ko'ina ba. Sa'an nan aka mai da ita ga ƙwayoyin haɗiya aka sallame mu. Na ji tsoro, na ce ko don an ga ba mu da kuɗi ne. Likitar ta ce a'a, a 2019 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Ingila a kan mutum 1,054 masu ciwon ƙashi da gaɓa, aka ga na haɗiya bai kāsa na jijiya ba, in dai gwani ne ya zaɓe shi bisa ga ƙwayar da aka samu. Ta ce amma sai an cika mako 12, domin a Faransa a 2021 an gwada mutum 410, waɗanda suka tsaya a mako 6 ciwon ya komo wa wajen 18 cikin 100, na mako 12 kuwa wajen 9. Na ce a raina, ikon Allah, ga ƙwaya ga ƙwaya, tawa ta ɓata, tata ta gyara.

Sistar nan ita ce ba zan manta ba. Kowace Litinin sai ta buga waya ta tambayi ko an sha magani, ko akwai amai ko ƙaiƙayi, ta tuna mana ranar awon jini. Ita ke rubuta abin da aka yanke ran Laraba, da wanda zai yi, da ranar da zai yi. A ganina na akawu, ba don littafinta ba da taron nan hira ce kawai. Na sha zama a tarurrukan ofis inda manya suka yi magana mai kyau aka watse, ba wanda ya rubuta, bayan wata guda kowa ya ce shi ba haka ya ji ba. Likitocin nan 7 duk gwanaye ne, amma likitocin da muka bi a baya su ma ba jahilai ba ne. Bambancin da na gani da idona shi ne can kati 6, nan fayil guda.

Da mako 12 suka cika aka dakatad da magani, aka jira, aka auna jini, mikin kuma ya bushe sarai. Cikin Maris 2024 aka cire simintin aka sa sabon ƙarfe, aka sake ɗiban nama, ba abin da ya tsiro. Malamar gashin ƙashi ta karɓe ta, ta sha fama da ita, gama tsokar da ta yi kusan shekara 2 ba ta aiki ba ta tashi da wuri. Kuɗin wannan karo kuwa ya fi na zuwa Indiya, har yanzu ana yankar albashina kowane wata.

Saboda haka ina da roƙo ga masu karatu, musamman masu niyyar fita waje a yi musu wannan aiki, su da 'yan rakiyarsu. Kafin ku tafi ku sami likitan ƙashi a gida wanda ya yarda zai karɓe ku in kun komo. Kada ku baro can sai da takardar ƙarfen a hannunku. In kun ga ɗinki yana tsattsafo bayan mako guda, ko wurin ya yi ja, ko zafin da ya tafi ya komo, to, ku nufi likitan ƙashi ran nan, kada ku bi ta kemis, kada kuma ku yarda a fara muku allura kafin a ɗebi ruwan gaɓar, sai fa in rai ne ke cikin hatsari. Ga hukuma kuma, ba na roƙon sabon gini. Asibitocinmu na koyarwa da na ƙashi suna da yawancin mutanen nan, suna wucewa ta gaban ofishin juna kowace safiya. A ba su sa'a guda a mako wadda ba mai taɓa ta, da nas guda mai riƙe littafi, a kuma sanad da ƙananan asibitoci inda za su aika da irin wannan mai ciwo. Kada abin ya dogara ga dattijo ɗaya, gama ran da ya yi ritaya ban san abin da zai sami Larabar nan ba.

Ƙanwata yanzu tana tafiya ba sanda a cikin gida, in za ta kasuwa ta kan riƙe guda. Ƙafar ta ɗan gaza 'yar'uwarta, an ƙara wa takalminta tsawo. Likitoci sun ce ciwon nan ya kan yi kwanton ɓauna shekaru, don haka ba su sallame ta ba, kowane wata 6 mu kan koma a auna jini a ɗauki hoto. Ran da na gaya mata zan rubuto maka, ta ce, "Yaya, in za ka faɗa ka faɗa duka, har da kafson." Ga shi na faɗa.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Kaduna.